Maki 13.4 da shafi ɗaya: yadda na nemi aikin bankin zuba jari daga Damagaram

Na gama lisans ɗina a fannin tattalin arziki da gudanarwa a Yamai, na dawo gida Damagaram da buri ɗaya a raina, in shiga bankin zuba jari. Ko a gidanmu sai da na yi ta bayani kafin a gane abin da nake nufi, domin da an ce banki sai a tuna da inda ake ajiya da inda ma'aikata ke layin albashi. Shi bankin zuba jari aikinsa daban ne. Yana taimaka wa kamfani ko gwamnati ta tara kuɗi masu yawa ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun bashi, yana kuma ba da shawara idan wani kamfani zai sayi wani. Manyansu a duniya su ne irin su Goldman Sachs, JPMorgan, Morgan Stanley, Lazard da Rothschild. A yankinmu na sefa kuwa, yawancin wannan aiki yana hannun kamfanonin da ake kira SGI, dillalan kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, ƙasashe takwas ke tarayya a kanta har da Nijar. Wata bakwai na yi ina wannan nema, kuma rabin wahalar da na sha rashin sani ne ya jawo ta. Shi ya sa nake rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Farkon abin da ya tare ni takardun maki ne. Takardar shaidar gamawa kaɗai ke hannuna, ina zaton ta wadatar. Fom na farko da na buɗe a intanet sai ya nemi makin kowace shekara, samesta shida cif. Ta shekarar farko ta ɓace mini tun wani sauyin ɗaki da na yi, ta shekarar ƙarshe kuma ban tsaya na karɓa ba saboda ɗokin gida. Dole na koma Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Muka tashi da asuba, muka bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai dare muka sauka. Kuɗin mota zuwa da dawowa haɗe da abinci ya tasam ma jika 35, kuma Kawu ne ya biya. A ofishin rajistar ɗalibai aka ce in rubuta takardar roƙo da hannu, in haɗa da kwafin katin ɗalibi, in dawo bayan mako ɗaya domin lokacin fitar da sakamako ne, aiki ya yi musu yawa. Kwana tara na yi a ɗakin wani abokina. Ranar da na karɓa, na zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro na jera takardun uku a cinyata. Shekarar farko 11.2 cikin 20, ta biyu 13.6, ta uku 15.4. Idan aka haɗa aka raba ya ba da 13.4, wato darajar da ake kira assez bien, wadda ke farawa daga 12. A gaban darasin ƙididdiga na shekarar farko kuma an rubuta cewa a zama na biyu na ci. Ni har na manta da wannan shekarar, lokacin da nake baƙo a birni ina fama da wurin kwana, amma ga ta nan a rubuce da hatimi. Gabana ya faɗi sosai a ranar.

Da na dawo Damagaram sai na shiga haɗa dosiye irin yadda muka saba yi wa jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Na je ofishin magajin gari da takardun asali da kwafinsu don a buga musu hatimin tabbatarwa, kowane shafi da tambur ɗinsa. Na isa ƙarfe takwas na tarar da layi, ban fito ba sai dab da azahar. Daga nan na wuce kotu na nemi takardar shaidar ɗan ƙasa da kasiye, wato takardar da ke nuna ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Har kasiye biyu na karɓa don kada a nema in rasa. A nan na yi asara ta farko, domin kasiye wata uku kawai yake aiki, kuma babu banki ko ɗaya da ya tambaye shi a matakin neman aiki. Sai bayan an ɗauke ka ake nemansa, lokacin nan nawa sun daɗe da mutuwa. Abin da ya yi amfani shi ne fassarar takardun maki zuwa Ingilishi, wadda wani mai fassara da kotu ta rantsar ya yi mini a Yamai. Na aika masa hotonsu, na biya jika 7 kan kowane shafi, shafi biyar. Na lura bai taɓa makin ba, ya bar 13.4 cikin 20 yadda yake. Da na yi tunani a kan dalilinsa, da ban yi kuskuren da ya biyo baya ba.

A watan Oktoba na fara cike fom na manyan bankunan Landan, Paris da New York, a wani gidan intanet da ke Zango inda nake biyan kuɗin awa. A fom ɗin Amurkawa akwai gurbin GPA, makinsu da ake ƙirgawa cikin 4. Sai na ɗauki waya na raba 13.4 da 20, na ninka da 4, ya ba ni 2.68, na rubuta hakan da hannuna. Na liƙa CV ɗina mai shafi uku, ga hotona da babbar riga a sama, ga ranar haihuwa, ga cewa ba ni da aure, ga sunan firamaren da na yi, ga jerin halaye na gari irin su haƙuri da son aiki. Wuri goma sha ɗaya na nema. Amsa ta farko ta zo cikin kwana biyu, an gode, ba za a ci gaba da ni ba. Sauran suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya har mako uku, huɗu daga ciki kuma shiru har yau. Na daina faɗa wa Inna idan saƙo ya shigo, domin duk lokacin da na ce an amsa sai ta ɗaga hannu ta fara addu'a kafin in ƙarasa magana.

Wani abokina ne ya haɗa ni da yayansa, ɗan Birni ne, ya kai shekara shida yana aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Abijan. Na tura masa duk abin da na aika. Ya kira ni bayan isha'i, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, “Ƙanena, wa ya ce ka rubuta 2.68?” Na ce, “Yaya, lissafi na yi.” Ya ce lissafin daidai ne amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. A Amurka ɗalibi mai ƙwazo yana samun 3.7 ko 3.8 cikin 4, kuma bankunan nan galibi daga 3.5 suke fara duba mutum da kyau. A tsarinmu da muka gada daga Faransa kuwa, 10 ne ci, 12 assez bien, 14 bien, 16 très bien, kuma malami ba ya ba da 18 sai da ƙyar. Wanda ya samu 15 a wurinmu yana cikin na gaba-gaba a aji, amma idan ya raba yadda na raba sai ya fito da 3.0, ya mai da kansa ɗalibi na tsaka-tsaki. Ya ce in bar makina cikin 20, in rubuta darajarsa, in ƙara matsayina a aji. Idan an matsa sai an juya makin, akwai hukumomin da aikinsu ke nan, irin su WES, ana biyansu su tantance. Ingila kuma nata ma'aunin daban, can digiri mai daraja 2:1 suke nema, wato wadda ke bin daraja ta ɗaya.

Abin da ya fi yi mini ciwo a wannan hira shi ne maganar lokaci. Ashe yawancin guraben da na nema ba na wanda ya gama karatu ba ne. A Amurka ana ɗaukar ɗalibai aikin koyo na mako goma a hutun bazara kafin shekararsu ta ƙarshe, zaɓen kuma yana farawa fiye da shekara guda kafin nan, tun suna aji biyu. Daga cikin waɗannan ne ake ɗaukar mafi yawan sababbin ma'aikata. A Landan akwai makon ziyara da ake shirya wa ƴan shekarar farko. A Paris staj, wato aikin koyo, na wata shida ake yi, yawanci ɗaliban masta ne daga makarantu irin su HEC, ESSEC da ESCP, waɗanda ke ɗaukar hutun shekara guda musamman don haka. Ga kuma tambayar izinin aiki a ƙasar, wadda kowane fom ke yi, ni kuwa ba ni da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuma a ranar tafiyar ma na fara neman gorar. Yaya bai ce in haƙura da burina ba. Cewa ya yi hanyar da ke buɗe mini ita ce ta yankinmu, in samu staj a SGI ko a sashen zuba jari na wani banki, in yi masta, daga nan sai a ga abin da Allah zai yi.

Mako uku muka yi muna gyaran CV ta WhatsApp. Ya ce shafi ɗaya, ba ƙari, domin mai dubawa yana da tari a gabansa, kallo ɗaya zai yi. Na Ingilishi babu hoto, babu ranar haihuwa, babu maganar aure. Na Faransanci ana iya barin hoto amma na kwat ko riga mai sauƙi. Firamare da kwaleji suka fita, aka bar bak da lisans. A layin karatu muka rubuta 13.4 na shekara uku, muka rubuta 15.4 na shekarar ƙarshe a gefensa, sannan makin darussan da suka shafi aikin, lissafin kuɗi na kamfani da nazarin harkar kuɗi, inda nake da 16 da 15.5. Ya hana ni ɓoye 13.4 ɗin, ya ce za su ga takardun maki ko ba daɗe, kuma wanda aka kama ya ɓoye lamba ɗaya ba a sake yarda da sauran lambobinsa. Matsayina a aji ba ya cikin takardun da na karɓo, sai na rubuta wa abokina na Yamai takardar wakilci ya je ya roƙa mini. Ta fito bayan kwana goma sha biyu, na shida cikin 143 a shekarar ƙarshe. Da na san da ita tun tafiyar farko da na haɗa gaba ɗaya.

Sai muka zo gurbin ƙwarewar aiki, inda na ce masa ba ni da komai. Ya ce, “Ba ka taɓa riƙe lissafin da kuɗin wani ya dogara a kansa ba?” Na yi shiru, can na tuna da shagon Kawu a Kasuwar Dole. Kawu yana sayar da shadda da atamfa, yana saro su daga Kantin Kwari a Kano da naira, ya sayar a nan da sefa. Duk hutu ni ke riƙe masa littafi, wani babban littafi mai baƙin bango da ya sha maiƙon hannu, bashin kowa a shafinsa. A watan Yunin 2023, da Najeriya ta saki darajar naira ta faɗi, Kawu ya rasa gane ko riba yake ci ko uwar kuɗi yake cinyewa. Na kwashe littafin na zuba a Excel, kowane ƙunshi da kuɗin sarinsa a naira, da farashin canji na ranar a wurin ƴan canji, da kuɗin mota da na kwastan, da abin da aka sayar. Nan muka ga cewa riba tana nan a takarda, amma tana kwance a hannun mutum goma sha huɗu da bashinsu ya haura wata uku. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin rubutawa a CV ba, taimakon Kawu ne kawai. Yaya ya ce wannan ya fi duk halayen kirkin da na jera. Muka mai da shi layi uku, kowanne ya fara da abin da na yi, ya ƙare da lamba. Ya kuma sa ni aiki, in sauko da rahoton shekara na Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal da ke kasuwar BRVM, in rubuta nazari na shafi huɗu a kan kuɗin shigarsa da ribarsa da bashinsa. Da dare nake yi idan gari ya yi sanyi, kuma a nan na fara fahimtar yadda takardun kuɗi uku na kamfani, wato ta riba da asara, ta dukiya da bashi, da ta shige da ficen tsabar kuɗi, ke haɗuwa, abin da na haddace a aji ba tare da na gan shi a zahiri ba.

A watan Janairu na duba jerin SGI masu lasisi a shafin BRVM, na rubuta wa tara wasiƙa, kowanne da tasa, ba kwafi ɗaya ba. Biyu suka amsa. Na farko ya ce ba su da gurbi a bana. Na biyu, a Abijan, ya turo mini gwajin Excel na awa ɗaya da rabi, bayan kwana takwas aka sa mini ranar hira ta bidiyo. Saboda tsoron ɗaukewar wuta na roƙi wani maƙwabcinmu mai sola ya ara mini ofishinsa, na sayi data a layi biyu. Mutum biyu ne, mace da namiji. Bayan gaisuwa sai matar ta ɗaga takardar makina ta ce, “Me ya faru a shekararka ta farko?” Yaya ya riga ya gaya mini za a yi wannan tambaya, kuma kada in yi dogon uzuri. Na ce, “Madam, ban iya tsara lokacina ba a shekarar, na faɗi ƙididdiga na sake. Na gyara, shi ya sa makin ya hau kowace shekara, darasin da ya biyo bayansa kuma na samu 14.” Ta gyaɗa kai ta wuce. Namijin ya ce idan an ƙara 10 a kuɗin tsufan kayan aiki, haraji kuma kashi 30 ne, me zai canza a takardun kuɗi uku na kamfani. Na ce riba bayan haraji za ta ragu da 7, amma tunda ba kuɗi ne suka fita ba, tsabar kuɗi za ta ƙaru da 3 na harajin da aka rage, darajar kayan aiki ta sauka da 10, dukiya gaba ɗaya ta ragu da 7, haƙƙin masu jari ma ya ragu da 7, ɓangarorin biyu su daidaita. Sai ya tambaye ni bambancin ƙimar kamfani gaba ɗaya da ƙimar hannun jarinsa. Na fara, na rikice, na ce masa gaskiya ban riƙe shi da kyau ba. Ya ce a ɗauki ƙimar hannun jari, a ƙara bashi, a cire tsabar kuɗi. Sauran minti goma sha biyar ɗin duk a kan shagon Kawu suka tafi, yadda ake sa farashi idan canji na motsi, da abin da muka yi da masu bashin nan.

Mako uku na jira. Na tura saƙon godiya washegarin hirar, na sake tura na tuni bayan kwana goma sha huɗu, ban ƙara ba. Ranar wata Talata ina shago saƙo ya shigo, staj na wata shida. Amma da sharaɗi, suna son yarjejeniyar staj mai sa hannun makaranta, wato sai ina da rajistar ɗalibi. Wannan ya sa na gaggauta rajistar masta da nake niyyar jinkirtawa, kuɗinta kuma ya fi duk abin da na kashe a baya. Na sake komawa kotu neman sabon kasiye. Alawus ɗin da suka yanka mini zai biya ɗaki da mota a Abijan da ƙyar, sauran sai da taimakon gida.

Da na kai wa Baba labari ya yi murna, sannan ya ce, “To, maganar kuɗin ruwa fa?” Tambaya ce da ni ma ta daɗe tana cina, kuma duk ɗan Musulmin da zai shiga wannan hanya gara ya fuskance ta tun da wuri. Na gaya masa gaskiya cewa takardun bashi masu ruwa babban ɓangare ne na kasuwar, akwai kuma hannun jari, akwai sukuk da ake tsarawa bisa ƙa'idar Musulunci, wanda Senegal ta fara fitarwa a yankinmu a 2014. Ya ce in je in zauna da malaminsa in faɗa masa ainihin aikin da za a ba ni, ba sunan aikin ba. Na je, mun yi zama biyu, kuma na roƙi kamfanin a sa ni a sashen nazarin hannun jari. Suka yarda.

Ga ɗalibin da ke aji ɗaya ko aji biyu yanzu, makin shekarar farko yana bin ka har ɗakin hira, don haka kada ka ce sai a shekarar ƙarshe za ka dage. A ganina wanda ke da 14 zuwa sama maki ba zai tsai da shi a yankinmu ba, wanda ke tsakanin 12 da 14 kuma sai ya kawo wani abu a gefe, matsayi a aji, ko maki mai hawa, ko aikin da ya taɓa yi da lambobi. Ƙasa da 12, masta mai kyau ce hanyar wanke shi. Maki yana sa a buɗe CV ɗinka ne, amma a hirata minti biyu kawai aka yi a kansa. Karɓi takardar makinka a ƙarshen kowace shekara, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel, ka roƙi ta matsayi a rana ɗaya. Nemi staj tun hutun aji biyu kana da rajista, ko a ƙaramar ma'aikatar ba da rance ce a nan Damagaram ko Mirriya. Ingilishi kuma ka fara shi tun yanzu, domin ko a Abijan an tambaye ni ko zan iya karanta rahoto da shi. Kasiye da sauran takardun kotu ka bar su sai an ce ka kawo, a nan cikin ƴan kwanaki ake samunsu.